Mai mita: inda aka gano ciwon babur ɗina bayan na kashe jika 14

Wata tara ke nan da na kai babur ɗina wurin wani mai gyaran wutar babura a nan Maradi, sai yau nake rubuta abin da na gani. Da gangan na jinkirta. A garin nan gyaran da bai sha zafin bazara ba, bai taka ruwan damina ba, ba a gaggawar yabonsa. Nawa ya sha duka biyun, kuma ko da safiyar yau sau ɗaya na danna maɓalli ya tashi.

Ni malamin firamare ne, ina riƙe da ajin CM2, wato ajin ƙarshe, a wani ƙauye gaba da Tibiri kaɗan. Gidana yana unguwar Zariya. Babur ɗin 125 ne, ɗan China, irin wanda ya cika gari, na saye shi sabo a 2021. Yana da kik, yana da maɓalli. Na san wani zai ce in maɓalli ya ƙi, me ya hana ka buga kik kamar kowane ɗan kabu-kabu? Gwiwata ta dama ce ta hana. Na faɗi cikin rairayi a 2019, tun daga nan in na buga kik sau uku ko huɗu, to ranar a zaune zan yi darasi, da dare kuma sai uwargida ta gasa mini ita da ruwan zafi. A wurina wannan ɗan maɓallin shi ne ƙafata.

Duk wanda ke Maradi bai manta ruwan da aka yi a ƙarshen watan Agusta na 2024 ba, wanda ya rusa gidaje, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Washegari na shiga da babur cikin ruwa har ya kusa rufe injin, zan je duba ƙanwata da katangar gidanta ta faɗi. Bai mutu ba, na je na dawo lafiya, na yi hamdala. Da yake a shekarar an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, sai babur ya yi kusan wata biyu a zaure, ba na hawansa sai jefi-jefi. Muna komawa aiki ya fara nauyin tashi. In na danna sai ya juya a gajiye, kamar mai barci da aka tasa. Cikin Nuwamba ya daina juyawar ma. Sai dai ka ji "tak" guda ɗaya, ƴar koriyar fitilar firi ta dusashe, shi ke nan.

Na farko da na kai wa bai ko durƙusa ba. Ya danna, ya ji tak, ya ce batir. Na sayi sabo jika 9. Don ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka, jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5. Aka ɗaura, babur ya tashi, na bar masa tsohon na tafi da murna. Kwana goma sha biyu ya yi mini. Na biyu ya ce rele ne, wato ɗan akwatin da ke yin tak ɗin, ya ƙara da cewa bujin ma ya tsufa. Rele jika 2 da rabi, buji jika 1. Wannan karon ko kwana ɗaya ban samu ba. In an haɗa da kuɗin aikinsu, jika 14 ta fita. Na uku ya ce babu makawa demarer ne, injin ɗan ƙaramin da ke juya babban, wanda a Najeriya ake ce wa sitata, kuma sabo zai kai jika 12. Ban ce ɗayansu macuci ba ne. Dukansu sun iya kwance inji, sun iya gyaran birki da sarƙa. Amma a harkar wuta lalube suke yi, kuma da aljihuna ake laluben.

Wani abokin aikina da ya ga ina ɗingishi a farfajiyar makaranta shi ya ce in je wurin mai mita. Haka ƴan kabu-kabu ke kiransa. Wurin ba shi da allo, ban kuma nemi izinin sa sunansa ba, don haka zan bar shi a haka. Wani lungu ne ba nisa da babbar kasuwa, rumfar kwano a jingine da katanga, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro. Benci ɗaya ne, teburin ƙarfe ɗaya, akwatin katako mai kwaɗo, da wayoyi kala-kala a rataye jikin ƙusa. Ba ka ganin tayoyi ko kwancen inji, ƙasa ma ba ta yi baƙi da mai kamar sauran gareji ba. Shi kansa ba zai wuce shekara 35 ba, siriri, ba ya son yawan magana. Yara biyu ke koyon aiki a hannunsa.

Na isa wata Asabar cikin Janairu, hazo ya rufe gari. Na tarar da babura uku a gabana, na zauna. Da layi ya zo kaina sai ya goge hannu, muka gaisa, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, sannu da jira. Mi ya samu moton?"

Na ce ba ya tashi da maɓalli.

"In ka danna mi kake ji? Shiru, ko tak guda, ko tak-tak-tak da sauri, ko yana juyawa da nauyi?"

Cikin mutum uku da suka riga shi babu wanda ya yi mini wannan tambaya. Ya tambayi yaushe abin ya fara, ko kik na tayar da shi, ko babur ya taɓa faɗuwa, ko ya shiga ruwa. Da na ba shi labarin Agusta sai ya ɗaga kai ya dubi babban yaronsa, yaron ya yi murmushi. Sannan ya ce, "Mi da mi anka canza?" Na lissafa. Ya ce ina tsohon batirin? Na ce na bar wa wancan. Ya yi ɗan jim, ya ce, "Da ka zo da shi da mun auna. Ba na zaton ya mutu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zagi kowa ba, bai tambayi sunan wanda ya yi aikin ba, kuma har yau ban taɓa jin ya kushe wani makanike ba.

Ya buɗe akwati ya ɗauko mitar. Ƴar na'urar auna wuta ce ruwan ɗorawa, ba ta fi tafin hannu ba, bayanta a ɗaure da salatif, da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da tsinin ƙarfe a baki. Ya cire murfin gefe, ya ɗora ja a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a mai alamar ɗebewa, ya juyo mini fuskar mitar: 12.3. Ya ce a cikin batir ɗakuna shida ne, kowane yana ba da volt 2.1, shi ya sa cikakke mai lafiya da ya huta yake nuna 12.6 zuwa 12.8. In ya sauko 12.0 ya kusa zama fanko. Nawa ya ɗan haura rabi. Bai cika ba, amma ba shi ne zai hana babur tashi ba.

"Danna, Mushe, ka riƙe."

Na danna. Tak. Mita ta nuna 11.7.

Nan ya kira ƙaramin yaron, wanda bai fi shekara 14 ba, ya ce ya faɗi abin da ya gani. Yaron ya ce batir bai faɗi ba. Ya ce to mi ke nan? Yaron ya sosa ƙeya, can ya ce ba a ɗibar wutar. Ya ce madalla. Sannan ya juyo gare ni ya yi bayani: mataccen batir yana iya nuna 12 da wani abu a zaune, amma da an danna maɓalli sai ya rufta ƙasa da 9, wani har 6. Mai lafiya yana juya demarer yana tsaye wajen 10 ko sama. Nawa bai juya komai ba, bai kuma rufta ba. Ya ce kamar mai lambu ne a bakin Gulbi, rijiya cike da ruwa, inji lafiya lau, amma shuka na bushewa. Ba rijiya za ka sake haƙawa ba, tiyo za ka bi ka ga inda ya lanƙwashe.

Haka ya bi tiyon, taki-taki. Ya duba fis, mai amper 15, lafiyarsa ƙalau. Ya ce tak ɗin da nake ji ma shaida ce: makulli na aiki, maɓalli na aiki, siririyar wayar da ke zuwa rele na aiki. Ya auna manyan ƙusoshin rele guda biyu ina danne da maɓalli, wutar da ta shiga ita ta fita. Ya gangara har kan demarer, ya ɗora ja a ƙusar da kaurarar waya ke shiga, baƙa tana can kan batir: 11.5. Wuta ta iso har ƙofar gida ke nan. Sai ya ɗauke baƙar daga batir ya manna ta a jikin demarer ɗin kansa. Na danna. Mita ta ce 7.4.

"Ka gani? Volt huɗu sun ɓace tsakanin nan da nan. Kowa na bin hanyar tahiya, ba mai bin hanyar dawowa. Wuta in ta hita dole ta komo gida."

Ban taɓa sanin haka ba, ni da nake koya wa yara darasin pil, wato batirin tocila, da kwan fitila. Na san zane a allo, waya biyu, ɗaya ta tafi ɗaya ta dawo. Abin da ban sani ba shi ne a babur ƙarfen jikinsa da injin su ne hanyar dawowa, sai wata gajeriyar waya mai kauri da ke haɗa ƙarfen da kan batir na ɗebewa. Ita suke kira mas. Ya ɗora tsini ɗaya a jikin inji, ɗaya a kan batir na ɗebewa, na danna, ta nuna 4.1. Ya ce in hanya a buɗe take bai kamata ya kai ko rabin volt ba.

Bai tsaya a lamba ba. Ya ɗauko wata kaurarar waya mai baki kamar na kada a kowane gefe, ya cije kan batir da ɗaya, ya cije wani noti a jikin inji da ɗayan. Ya tabbatar babur yana firi. Ya ce bismillah. Na danna, kafin in ɗauke yatsa inji ya kama. Wata biyu rabona da jin wannan ƙarar ba tare da gwiwata ta biya ba. Na tsaya riƙe da kan babur, ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba.

Da ya kwance wayar mas ya miƙo mini, ban ga aibinta ba. Robarta baƙa sumul, ba tsagewa. Ya sa reza ya tsaga robar a tsaye, daga wajen bakin da ke ɗaure a ƙarfe. Sai ga wani gari kore-kore yana zubowa a tafin hannunsa kamar tsohon tozali. Siraran zaruruwan tagulla sun ci, yana taɓa su da farce suna karyewa, waɗanda suka rage a haɗe ba su fi biyar ba. Inda aka ɗaure ta kuwa tsatsa ce da busasshen taɓo, ja irin na ruwan ranar nan. Ruwa ya shiga ƙarƙashin roba, babur ya zauna wata biyu a zaure, ya ci abinsa a hankali ba mai gani. A nan na fahimci abin da ya sa sabon batir ya yaudare ni kwana goma sha biyu. Ya zo a cike, ya tura wuta da ƙarfi ta ƴan zaruruwan da suka rage. Amma cajin da inji ke mayarwa ta wannan wayar yake bi shi ma, don haka kullum ana ɗiba ba a cikawa, waya kuma tana ƙara ci.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Ya yanko sabuwar waya mai kauri ɗaya da tsohuwar, ya nuna mini cikinta don in ga tagulla ce, ya matse mata kawuna, ya bi da dalma. Ya goge ƙarfen da sanfefa sai da ya yi fari yana ƙyalli, ya ɗaure tamau, sannan ya shafa giris a kai don kada ruwa ya sake samun hanya. Na lura da ya zo kwance batir kan ɗebewa ya fara cirewa, da ya zo mayarwa shi ya ɗaura a ƙarshe. Ya ce in ka fara da jan, sifana ta taɓa ƙarfen babur, tartsatsi zai tashi, ana ƙonewa a haka. Daga nan ya tayar, ya sa yaro ya ɗan murɗa totur, ya auna caji: 14.1. Ya ce tsakanin 13.5 da 14.5 ake so. In bai kai 13 ba batir ba ya samun abinci, sai a duba regilater, mai daidaita caji, ko bobin da ke cikin inji, wato naɗin wayar da ke haifar da wuta. In ya haura 15 regilater ya lalace, yana dafa batir, ruwansa na ƙafewa, kwan fitila na yawan mutuwa.

Na ce ko zai buɗe demarer ya duba tunda an ce shi ne. Ya ce in sake dannawa, ya kasa kunne. "Lahiya tai lau. Wanzami ba ya tsaga inda ba ya ciwo." Kuɗin dubawa jika 1, waya da kawunanta dala 150, aiki jika 1. Duka sefa 2,750.

Zaman jiran da na yi ranar, da na wasu ranaku bayan haka, ya koya mini abin da ban biya ba. Wani ɗan kabu-kabu ya turo nasa, ko fitilar firi ba ta kamawa, oda shiru. Fis ya ƙone. Da aka buɗe sai ga shi an naɗe fis ɗin da takardar gwangwani ta kwalin sigari, ita ma ta ƙone. Mai mita ya ƙi sa sabo sai da ya ɗage tanki ya gano wayar ƴan fitilun ado da aka ƙara, ta gogi ƙarfe har ta feɗe. Ya ce fis mai gadi ne, in ya mutu akwai wanda ya kashe shi, in ka naɗe shi da waya gobe wayarin babur duka za su kama wuta a ƙarƙashinka. Wani dattijo kuma fitilunsa garau, oda na ƙara, amma in ya danna ko tak babu. Ƙurar hunturu ce ta cushe cikin maɓallin. Yaro ya kwance, ya goge, dala 50. Ya ce wani lokaci irin wannan shirun daga ɗan makunnin da ke jikin hannun kuloci ne, ko na firi, a baburan da ba su yarda su tashi a cikin giya. Tak-tak-tak da sauri kuwa galibi batir ne ya yi rauni ko kansa ya kwance. Akwai wanda nasa ke yin "wiii", demarer na gudu inji bai motsa ba. Wannan ko mita bai ɗauko ba, ya ce ba wuta ba ce, abin da ke kama inji ne ya sake, ya tura shi wurin masu inji a bakin titi.

A nan na tambaye shi zancen buji, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fulogi. Ya ce buji ba ruwansa da juyawar demarer. Sai inji na juyawa da kyau amma ya ƙi kamawa ake zancen buji, ko jan makunnin kashewa da yara ke taɓawa, ko mai. Ya kuma warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato yadda kik ke tayar da babur ko batir ya mutu murus. Yawancin irin namu daga bobin cikin inji suke samun wutar tartsatsi, ba daga batir ba. Akwai waɗanda suka dogara da batir, su in ya mutu ko ka kwana kana kik ba za su tashi ba. Har launin wayoyi ya nuna mini, ya ce akasarin ƴan China tsarin Honda suka bi: koriya mas ce, ja daga batir take, baƙa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli.

Wannan baƙar wayar ita ta kawo ni ga karo na biyu, kuma dole in faɗe shi don adalci. Cikin Fabrairu aka yi mana rasuwa a Damagaram, na tafi a mota na yi kwana biyar. Na dawo, safiyar Litinin na danna, sai tak-tak-tak. Raina ya ɓaci matuƙa. Na buga kik, na je makaranta da ciwo, da marece na wuce wurinsa ban ko shiga gida ba. Na yi masa magana da zafi fiye da yadda ya kamata. Bai tanka ba. Ya auna mas, lafiya. Ya auna caji, lafiya. Sai ya kashe babur, ya zare makulli ya ba ni a hannu, ya cire kan batir na ɗebewa, ya juya mitar wani gefe, ya sa ta a tsakanin waya da batir. Ta nuna 40.

"Makulli na hannunka, amma wani abu na shan wuta. Mi anka ƙara ma moton ga?"

Sai na tuna da ƴar cajar waya da na sa aka ɗaura mini a kan babur tun bara, mai ƴar shuɗiyar fitila. Wanda ya ɗaura kai tsaye ya haɗa ta da batir, dare da rana tana kunne. Ya zare ta, mita ta koma kusan sifiri. Muka yi lissafin tare a bayan kwalin buji. Abin da mita ta nuna miliamper 40 ne, miliamper 1,000 kuwa ke yin amper ɗaya, don haka 40 sau awa 24, kusan amper ɗaya ke nan a yini. Batirina mai amper 7 ne. Kwana biyar sun kwashe kusan biyar. Muddin ina hawa kullum caji na rufe ɓarnar, ranar da na ajiye shi asiri ya tonu. Ya mayar da cajar kan baƙar waya, yadda ba ta kamawa sai an murɗa makulli, ya sa mata ƙaramin fis nata. Da na ciro kuɗi ya ce, "A'a Mushe. Tun ran farko ya kamata in auna wanga, na ga cajar da idona ban auna ba. Laihina ne." Na ba shi haƙuri kan yadda na yi magana, ya ce ba komai, mai ciwo ba a ƙirga maganarsa. Wannan lissafin na kai shi aji, yaran CM2 suka yi shi a allo, kuma waɗanda iyayensu ke kabu-kabu su suka riga kowa gamawa.

Wurin yana da nasa aibin. Jira na farko. Shi kaɗai ke riƙe mita a kan aikin mutane, ba ya kuma barin babur sai ya ga ƙarshensa, don haka awa biyu a benci ba abin mamaki ba ne. Bencin ɗaya ne, in rana ta juya inuwar bedi ta bar shi. Wayarsa kusan ba ya ɗauka. Ba ya zuwa inda babur ya mutu, sai ka turo shi ko ka sa a adaidaita, abin da ke da wuya ga mai irin lalurata. Ran Juma'a yana rufewa tun kafin azahar, ba ya dawowa. Ba ya ajiye kaya in ban da waya, fis da kawuna. In batir ko rele ake so, sai ya haɗa ka da yaro ku shiga kasuwa, ka saya da hannunka, ya auna kafin a ɗaura. Wannan yana cin lokaci, amma ni na fi so, domin wanda ba ya sayar da batir ba shi da ribar cewa batirinka ya mutu. Ya ce mini lokacin da aka rufe iyaka, daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa sun yi wuya sun yi tsada, a lokacin ne mutane suka fara cika rumfarsa, don ba mai kuɗin canza abu uku kafin a dace.

Abin da na fi ganin ya kamata ya gyara shi ne zancen kuɗin dubawa. Jika ɗayar nan ana biyanta ko an yi gyara ko ba a yi ba, kuma ni na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don sanin ciwon shi ne aikin. Amma mutanenmu ba su saba ba, sun saba a biya abin da aka ɗaura. Na ga wani bawan Allah da aka gaya masa abin da ke damun babur ɗinsa, ya ce zai je ya dawo, aka ce ya kawo jika, ya tafi yana faɗa. Da tun yana isowa yaro ya gaya masa, da ba a kai haka ba. Na faɗa masa wannan, ya ce gaskiya ne, amma har zuwana na ƙarshe ban ga an sake ba.

Kafin bazara ya gargaɗe ni da zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da Maradi ke haura digiri 40, ruwan batir irin nawa mai murafu yana ƙafewa da sauri. Ya ce duk wata in leƙa, in ya sauka ƙasa da layi in ƙara tataccen ruwan batir, ban da asid, ban da ruwan pampo ko na rijiya. Sau biyu na ƙara. Ya ce kada in danne maɓalli fiye da daƙiƙa biyar, in bai kama ba in saki in ƙirga goma. Da damina kuma duk ranar da na keta ruwa in buɗe murfin gefe in bar shi ya sha iska, in duba giris ɗin nan yana nan. Na keta ruwa a hanyar Tibiri bana ba sau ɗaya ba.

Farkon wannan watan, kafin a koma makaranta, na biya ya sake aunawa. Batir a zaune 12.7, caji 14.0, mas 0.2. Ƙaramin yaron ne ya riƙe mitar, shi yana tsaye a bayansa. Ya karɓi dala 100, ya tambayi gwiwa, na ce da sauƙi sosai. Ran Asabar mai zuwa zan raka daraktanmu da nasa babur ɗin, an canza masa batir sau biyu cikin shekara guda kuma ya fara nauyin tashi. Na gaya masa ya zo da tsohon batirin in yana nan, mu kuma fita tun bakwai don mu riga layi.